Kalmar Da Ta Sa Muka Ɗebo Yashi Sau Biyu

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai wani ya tuna mini kafin in tuna, amma ranar da kalmar Turanci guda ɗaya ta tura mutanen unguwa guda cikin kogi suna ɗaukar yashi a ka, wannan ranar ba za ta taɓa fita daga raina ba. Kalmar ba doguwa ba ce, haruffa shida ne kawai, coarse. Yau in na gan ta a rubuce murmushi nake yi. A ranar kuwa, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Lokacin ban daɗe da gama difloma a fannin kasuwanci a nan Mubi ba, ina zaman jiran aiki. Da zaman ya yi yawa, mahaifiyata ta ce in koma wurin yayanta a Wuro Patuji in riƙa taya shi. Kawun nawa yana da tsohuwar tifa guda ɗaya wadda yake ɗebo yashi da ita daga mayo, wato kogin da ya ratsa yankinmu, yana kai wa masu gini. Bai yi boko ba, saboda haka aikina shi ne in amsa waya, in karanta duk takardar da aka kawo, in kuma zauna a gaban mota kusa da direba ina jin kaina wani ne. Unguwar ba ta rasa masu karatu ba, sai dai yawancinsu sun tafi birane. Duk takardar asibiti ko ta makaranta da ta shigo, ni ake nema. Dattawan da suka isa su haife ni suka soma kirana Malam. Ba zan ɓoye muku ba, sunan ya yi mini daɗi fiye da kima, har tafiyata ta canza.

Tsakanin gidajenmu da gonaki akwai wani kwari. Da rani ba wanda ke damuwa da shi, a gangara ne a haura. Amma da damina ta sauka, ruwan da ke gangarowa daga duwatsu yakan cika shi cikin ɗan lokaci, ja wur, yana tafe da itatuwa. Sai mutum ya wuni a gona ya dawo ya tarar ba hanya, ya zauna jira har ruwan ya janye. Makiyaya sun sha rasa maruƙa a wurin. Daminar da ta wuce kafin zuwana, wata mata da naƙuda ta kama a wancan ƙetaren ta haihu a gindin bishiya, mijinta yana wannan gefen da keke napep yana hango ta, ba yadda zai yi. Allah ya sa ita da jaririyar suka tsira. Daga nan ne mutane suka ce ya isa haka, za a yi kwalbati ko da hannuwansu ne.

Jauro, wato mai unguwarmu, ya tara jama'a, Musulmi da Kirista, manoma da makiyaya, kowa ya faɗi abin da zai iya. Wani ya kawo siminti, wani rodi, wani katako, samari suka ce ƙarfinsu yana nan. Kawu ya ɗauki yashi gaba ɗaya a kansa. Sai kuma aka yi sa'a, akwai wata 'yar unguwar da ta karanta aikin gini har ta zama injiniya, tana aiki a Yola. Mahaifinta dattijo ne a coci, shi ya kira ta. Ta zo a ƙarshen mako, ta auna kwarin, ta zana yadda za a yi, ta rubuta duk kayan da ake bukata a takarda ɗaya da Turanci. Ta ce a tanade su, nan da mako biyu za ta dawo ranar Asabar a zuba kankare. Ta ja kunne cewa kada a wuce wannan ranar, domin sama ta fara canzawa, in ruwa ya riga mu to sai baɗi.

Washegarin tafiyarta da la'asar aka taru ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidan Jauro, aka miƙo mini takardar. Na miƙe tsaye, na gyara murya, ina karantawa ina fassarawa. Siminti buhu kaza, rodi mai kauri kaza, ƙusa, katako, tsakuwa. Komai yana tafiya daidai, dattawa suna gyaɗa kai. Sai na iso inda aka rubuta coarse sand, tifa huɗu. Sand dai na san shi, yashi ne. Amma kalmar da ke gabansa ban taɓa haɗuwa da ita ba. A wurin gini kowa a Mubi shaf yake cewa in yana nufin yashin kankare, kuma da haka ta rubuta da ko tsayawa ba zan yi ba. Na ƙura wa kalmar ido. Na san course na makaranta, na kuma san kos da magina ke faɗi in suna jera bulo, kos ɗaya, kos biyu. Nan take zuciyata ta ba ni cewa Injiniya kuskuren rubutu ta yi saboda sauri, yashin jera bulo take nufi.

Kawu ya tambaye ni wane iri ne, domin shi abin ya shafa. Na ce yashin jera bulo ne, mai laushi. Ya sake tambaya ko na duba da kyau, don shi a saninsa ba a zuba kankare da mai laushi. Da a wannan lokacin na ce ban tabbata ba, a bari in bincika, da labarin nan ya ƙare tun bai fara ba. Amma idanun jama'a duk suna kaina, kuma na riga na saba in buɗe baki a ce madalla. Na ce, "Haka aka rubuta, Kawu. Yanzu ilimin gini ya ci gaba." Ya ce to, tunda ni na karanta, shi ke nan.

Abin da har yau yake ba ni mamakin kaina shi ne, ina da waya a aljihu, ina da lambar Injiniya, akwai kuma ƙamus a cikin akwatina wanda na yi makaranta da shi. Sau biyu na ɗauko ƙamus ɗin na mayar ban buɗe ba. Ba lalaci ba ne. Tsoro nake ji in buɗe in tarar na yi kuskure, sannan ya zama dole in koma gaban dattawan nan in warware maganata. Muddin ban duba ba, ina iya gaya wa kaina cewa daidai na faɗa. Kiran Injiniya kuwa, sai na ga kamar in na tambaye ta ma'anar kalma za ta ce wannan wace irin difloma ce. Haka na bar abin ya kwana a raina.

Kwana uku muka yi muna jigila. Kawu ya kai mu wata kwana ta mayo inda ruwa ke kwanciya ya bar yashi fari tas, mai laushi kamar garin tuwo, in ka damƙa sai ya zurare ta tsakanin yatsu. Ya ce tunda aikin jama'a ne, daga wuri mafi kyau zai ɗebo. Tifa huɗu muka juye a bakin kwarin, suka yi tudu mai ban sha'awa, yara suna hawa suna zamewa. Duk wanda ya wuce sai ya sa wa Kawu albarka, ni kuma ina gefe ina karɓar rabona.

Mutum ɗaya ne bai yaba ba, tsohon maginin da aka ɗora wa aikin. Dattijo ne daga Sahuda, siriri, ba ya son yawan magana, Hausarsa gauraye da yaren Gude, amma gidaje da dama a yankin hannunsa ne ya ɗora su. Ya zo duba katakon da aka kafa, ya tsaya a gaban tudun yashin, ya cusa hannu ya damƙo, ya murza, ya kai kusa da kunne ya sake murzawa. Sannan ya ce da ni a hankali, "Malam, wannan yashi ba ya kuka. Ba zai riƙe siminti ba." Ya ce yashin kankare in ka murza shi sai ka ji yana ƙara yana cizon tafin hannu, wannan kuwa na shafe bango ne. In aka zuba kwalbati da shi, ba zai ga damina biyu ba.

Akwai samari a wurin suna ɗaure rodi, sun dakata suna saurare, kuma wannan ne ya ɗebe ni. Na zaro takardar daga aljihu na ɗaga masa, na ce wadda ta rubuta wannan ta yi shekaru a jami'a, ni da na karanta na yi nawa a poli, shi kuma aji nawa ya shiga? Na ƙara da cewa aikin injiniya daban, ɗora bulon ɗakin kaji daban. Samarin suka yi dariya. Tsohon ya kakkaɓe hannunsa a jikin wando, ya dubi takardar da ba zai iya karantawa ba, ya ce, "To, bari Injiniya ta zo." Ya koma kan katakonsa. Ina rubuta wannan yanzu ina jin nauyin maganar kamar jiya na faɗe ta.

Ranar Juma'a da yamma aka yi ruwan farko, ba mai yawa ba, amma ƙasa ta jiƙe sosai. Asabar tun da sassafe unguwa ta fito. Mata sun kafa tukwane a gindin bishiya za su dafa wa ma'aikata, an jera durom-durom na ruwa, an fito da shebur da kwanonin gini. Injiniya ta sauka daga keke napep da hular kwano a hannu, ta durƙusa ta gaida dattawa, ta zaga ta duba rodi da katako ta yaba. Sai ta iso kan yashi. Yatsu uku kawai ta sa ta murza, fuskarta ta sauya. Ta tambaya ina yashin kankaren yake, don wannan na filasta ne. Aka ce ai shi ke nan. Ta ce ko kwano ɗaya ba za a zuba da wannan ba.

Jauro ya ce ai abin da ta rubuta aka kawo. Ta ce ita ba wannan ta rubuta ba, wa ya karanta takardar? Kafin kowa ya juyo gare ni, Kawu ya matso ya ce shi ya ɗebo, laifin nasa ne, shi da ya tsufa a mayo bai kamata ya kawo wannan ba. Yana faɗa yana kallon ƙasa. Mutumin da ya tambaye ni har sau biyu, ga shi yana rufa mini asiri da mutuncinsa, a gaban mutanen da gobe su ne za su sayi yashi a wurinsa. Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni tsakiyar jama'a ba. Na ce, "Ba Kawu ba ne, Anti. Ni na karanta. Ban san kalmar ba, na ƙi faɗa, sai na kintata." Ban iya ɗaga ido na dubi kowa ba.

Na zaci za ta wanke ni tas a gaban mutane, kuma da ta yi hakan ba wanda zai ga laifinta. Sai ta dube ni, ta tambayi me na ɗauka kalmar take nufi. Da na gaya mata zancen kos na bulo, sai ta yi 'yar dariya wadda ba ta raini ba. Ta ce aƙalla na yi tunani, kuma ita ma da nata laifin, da ta rubuta shaf yadda kowa ke faɗi maimakon yadda suke rubutawa a ofis. Sannan ta ce, "Zo nan, ƙanena. Yau za ka san kalmar nan, ba kuma za ka sake mantawa ba."

Ta ja ni zuwa wurin mata masu girki, jama'a suna biye da mu. Ta ɗebo garin masara a hannu ɗaya, ta ɗebo tsakin da za a yi fate da shi a ɗayan, ta ce in taɓa. Garin ya yi laushi, tsakin kuwa ƙwaya-ƙwaya ne, ana jin kowace a yatsa. Ta ce to tsakin nan shi ne coarse, garin kuma fine. Ta nuna gishirin miya irin mai manyan ƙwayoyi, ta ce shi ma haka ake ce masa. Ta sa na shafa wani tsohon buhun algarara da aka shimfiɗa a ƙasa, sannan ta miƙo mini gefen ɗankwalinta na taɓa, ta ce in faɗi wanne ne coarse a ciki. Na ce buhun. Ta ce shi ke nan na gane, duk abin da yake da kaushi in an taɓa shi, ko wanda ƙwayoyinsa manya ne ba a niƙe su luƙwi ba, yashi ne, gishiri ne, yadi ne, ko gashin jelar doki, da wannan kalmar ake siffanta shi. Furucinta ɗaya ne da course ɗin da na sani, harafi ɗaya ne ya raba su, shi ya sa take rikita mutane.

Wata tsohuwa da ke fifita wuta ta ɗago ta ce ashe Turancin da ake ta jin tsoro tsaki ne. Aka yi dariya, har Jauro, zukata suka ɗan sauka. Injiniya ta ƙara da cewa ba a kan abin taɓawa kawai kalmar ta tsaya ba, har mutum ana siffanta shi da ita in maganarsa ba ladabi, mai kaushin harshe wanda ba ya tauna abin da zai faɗa. Ita misali kawai take bayarwa, ba ta san abin da ya gudana tsakanina da magini ba. Amma samarin nan sun sani, na ga biyu daga cikinsu sun sunkuyar da kai. Na juya na nemi tsohon. Yana zaune a kan katako yana warware igiyar awo kamar ba abin da ke faruwa. Na je na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, kai ne da gaskiya, ni na yi maka rashin kunya. Ka yafe mini." Ya kama hannuna ya ɗaga ni. Ya ce ba komai, ai takardar ma ba ta yi ƙarya ba, abin da ya faɗa ita ma shi ta faɗa. Sannan ya ce in tashi, akwai aiki.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Kawu ya san inda shaf mai kyau yake, can sama da inda muka ɗebo na farko, amma ruwan jiya ya jiƙa gangaren wurin, in tifa ta sauka ta yi lodi ba za ta iya haurowa ba. Injiniya dole ta kasance a wurin aikinta ranar Litinin. Gabas kuma ta fara duhu, kowa ya san in aka sake ruwa mai ƙarfi mayo zai kawo, ya rufe yashin har ƙarshen damina. Aka yi ta shawara, wasu suna cewa a haƙura sai baɗi, wasu suna cewa simintin zai daskare kafin lokacin. Jauro ya bari kowa ya gama, sannan ya ce in mota ba za ta iya sauka ba, sai mu ɗauko yashin mu kai mata sama. Ya ce kowa ya je gida ya ɗauko abin da yake da shi.

Kafin hantsi ya ɗaga sosai, hanyar mayo ta cika. Masu kwano, masu bokiti, masu baro, masu tsofaffin buhuna. Makiyaya suka kawo jakuna biyu. Kawu ya tsayar da tifa a kan tudu inda ƙasa ke da ƙarfi, muka gangara. Tsohon magini ne a gaba, yana tafe yana duƙawa yana murza yashi, har ya iso inda ya gamsu ya kafa sanda. Ya kira ni, ya zuba mini cikin tafin hannu ya ce in murza. Ƙwayoyi ne manya-manya, masu ɗan duhu, suna ƙara suna cizon fata, daidai yadda ya faɗa mini kwanaki uku da suka wuce. Ya ce, "Faɗa mini sunansa da Turanci." Na faɗa. Ya maimaita, "Kos," ya gyaɗa kai kamar wanda ya sayi abu ya ga yana da kyau.

Daga nan aka kafa layi, daga cikin mayo zuwa bakin mota. Ban taɓa sanin nauyin jiƙaƙƙen yashi ba sai ranar. Kwano na goma wuyana ya fara ciwo, na ashirin tafin hannuna ya ɗuri ruwa ya fashe, hannun da bai saba da komai ba sai biro. Wata gyatuma da ban ma san sunanta ba ta ga yadda nake ɗora kwano a kan tsirarar kai, ta naɗa mini gammo da tsohon zane ta ɗora mini. Injiniya da kanta ta ajiye hular kwano ta shiga layi. Mata suna waƙa da Gude, wasu suna amsawa da Fulatanci, samari suna gasa wa zai riga wani haurawa. Sau biyu Kawu ya ce in je in huta, na ƙi. Na ga kamar kowane kwano da wani ya ɗauka, ni na ɗora masa shi.

Ba a bar ni na sha ba, gaskiya. Duk wanda ya zo wucewa ta kusa da ni da kwanonsa sai ya sauke shi ƙasa-ƙasa ya ce, Malam duba mana, wannan kos ne? Da farko abin yana sukata, daga baya na ga ba da ƙeta suke yi ba, sai na shiga amsawa, ina murzawa ina cewa wannan kos ne na gaske, wuce. Da azahar mata suka kawo faten har bakin mayo, muka ci a tsaye. Hadari ya taso, iska ta kaɗa har ta ɗebe wa wani hula, kowa ya ƙara sauri, sai kuma hadarin ya zarce yamma bai zubar ba. Rana tana gab da faɗuwa muka juye tifa ta huɗu a bakin kwarin, kusa da farin tudun nan nawa.

Ranar Lahadi aka zuba kankaren. Musulmi suka fara da safe, suka cika durom-durom suka matso da tsakuwa, Kirista suka iso bayan an tashi daga coci, wasu ko kayan ado ba su tsaya cirewa ba sai da aka tuna musu. Injiniya tana kula da awo, tsohon magini yana kula da kwaɓi. Na lura duk kwaɓin da aka yi sai ta ce Baba ya duba, in ya ce a ƙara ruwa a ƙara, in ya ce ya isa a tsaya. Ni aka ba ni baro. Bayan la'asar aka gama, aka rufe saman da buhuna aka yayyafa ruwa. Liman ya yi addu'a, mahaifin Injiniya ya yi tasa, kowa ya koma gida yana jan ƙafa. Makonnin da suka biyo baya yayyafi aka riƙa yi, wanda Baba ya ce shi kankare yake so. Sai da aka cire katako sannan babban ruwa ya zo. Muka fito muka tsaya a kan kwalbatin, jan ruwan nan yana wucewa ta ƙarƙashin ƙafafunmu, masu dawowa daga gona suna hayewa da kayansu ba wanda ya tsaya.

Farin yashin ma bai tafi a banza ba. Akwai azuzuwa biyu a makarantar firamaren unguwar da aka gina ba a shafe ba, da shi aka yi musu filasta, kuma Baba ya ce bai taɓa samun yashin shafe mai kyau irinsa ba. Kawu kuwa bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko wurin mahaifiyata bai kai ta ba. Abin da kawai ya ce, a cikin mota muna komawa gida ranar da aka gama, shi ne, "In ka ga abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Ba abin da zai rage ka a wurina."

Ranar Litinin, washegarin zuba kankaren, na buɗe ƙamus ɗin. Ko minti ɗaya ban yi ba na samo kalmar, ga ma'anarta a layi uku, har da misalin yashi a ciki. Na zauna a bakin gado ina yi wa kaina dariya, hannuwana duk a ɗaure da tsumma.

Yanzu ina da shagon kayan gini a cikin Mubi, kuma ba a mako guda ba a kawo mini takardar wani injiniya ba. Kalmar nan kullum muna tare, domin ko takardar goge katako akwai coarse akwai fine, in mai saye ya rikice sai in miƙa masa duka biyun ya shafa da yatsa, nan take ya gane. In kuma na ci karo da kalmar da ban sani ba, a gaban mai takardar nake ɗaukar waya in tambaya, ko da shagon cike yake da mutane. A Wuro Patuji har gobe Malam Kos ake kirana, yaran da aka haifa daga baya sun ɗauka sunana ne na yanka, ni kuma ina amsawa da daɗin rai.

Abin da na koya shi ne, rashin sanin kalma ba laifi ba ne, kowa akwai inda karatunsa ya tsaya. Laifin yana wurin ɓoye rashin sanin, domin ba kai kaɗai kake ɗaukar nauyinsa ba, mutanen da suka yarda da kai ne suke ɗauka a kansu. Na kuma gane cewa mutum yana iya sanin abu sarai bai san sunansa da Turanci ba, wani kuma ya iya karanta sunan bai san abin ba. Tun daga lokacin, in wanda ya daɗe a kan aiki ya ce mini abu bai yi ba, nakan ninke takarda in saurare shi tukuna.